Sauƙin Shafi da Wahalar Mai Karatu: Nazarin Tsarin Jaridun Gari a Waya da Kwamfuta

Tun sa'ad da jaridu suka fara barin takarda suna komawa cikin waya da kwamfuta, akwai magana guda da masu tsara shafuka su ke ta maimaitawa, har ta zama kamar karatun allo, watau a sauƙaƙa. A rage launi, a rage ado, a bar fili fari a gefen rubutu, kada a cika wa ido kaya. Wannan koyarwa ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Jan Tschichold ya yi ta a Jamus cikin littafinsa na 1928 game da sabon tsarin ɗab'i, Beatrice Warde kuma ta yi ta a Ingila cikin laccarta ta 1930, inda ta kwatanta kyakkyawan ɗab'i da kofin gilas mai garai-garai wanda ba ya ɓoye abin da aka zuba masa. Koyarwar ba ta da aibi. Abin da ya rage a bincika shi ne ko wane ne ya ke cin ribar sauƙin, gama sauƙi iri biyu ne. Akwai wanda ya ke ɗauke wa mai karatu wahala, akwai kuma wanda ya ke ɗauke wa mai tsara shafi wahala ya aza ta bisa mai karatu. A ido kamarsu ɗaya, shi ya sa a ke yawan ɗaukar na biyun a maimakon na farkon, musamman a ƙananan jaridu da mujallun gari waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar gwani, sai su sayi tsarin da aka riga aka shirya domin Turanci su zuba Hausa a ciki.

Gadon takarda

Kafin a yi hukunci, ya kamata a waiwayi abin da aka gada. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, Dokta R. M. East yana shugaban ofishin talifi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya. A cikin shekarun 1950 kuwa, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa fitar da ƙananan jaridu na lardi lardi, kamar Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya, da Zumunta ta Bauci. Waɗannan su ne kakannin abin da a ke kira jaridar gari a yau. Masu shirya su sun san mutumin da su ke yi wa aiki: babba ne wanda ya koyi boko da girmansa, yana bin sadara da yatsa, sau da yawa kuma yana karanta wa waɗansu a zaure. Takarda tana da tsada, shafuka kaɗan ne, saboda haka dole aka yi zaɓe, aka san abin da za a sa gaba da abin da za a bari. Tilas ce ta koya musu sauƙi. Mai tsara shafin intanet ba shi da wannan malama, gama shafinsa ba ya cika, kome ya zuba zai shiga.

Har ma kafin boko, marubutan ajami sun san dabarun da za a iya kira tsarin shafi. Su kan bar tazara mai yawa tsakanin sadara da sadara domin almajiri ya sami wurin rubuta fassara, su kan yi wasulla da jan tawada domin su fita dabam da baƙaƙe. Da ya ke kuma littafin warwara ne, ba a ɗinke ba, a ajiye cikin gafaka, sai su rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin shafin da a ke ciki, domin in takardun sun hargitse a iya mai da su. Da wuya a sami wata alamar jagora a cikin waya da ta kai wannan kalma guda ƙanƙanta da cika aiki.

Nauyin da ido ba ya gani

Wahala ta fari da mai karatun yau ya ke sha ita ce ta nauyi, kuma ba a ganinta a fuskar shafi. Labari mai kalmomi 1,000 na Hausa, in rubutu ne tsantsa, bai fi kilobait 6 ko 7 ba. Amma ƙididdigar da HTTP Archive ta ke yi ta nuna matsakaicin shafin intanet a waya ya haura megabait 2. Watau mutum ya biya kuɗin kaya ninki 300 domin ya karɓi ɗaya. Sauran duk hotuna ne, da tallace-tallace, da zubin haruffa da a ke saukowa da su daga waje, da 'yan umurnan kwamfuta masu bin sawun mai karatu. Shafi yana iya zama fari tas, ba ado ko ɗaya, alhali yana ɗauke da wannan kaya duka a ɓoye, kamar rigar da aka yi wa shafi da dalma. Wanda ya tsara shi yana zaune a ofis da kwamfuta mai ƙarfi da intanet wanda ba shi ya ke biya ba, zai ga ya buɗe nan da nan. Wanda ya sayi data ta kwana ɗaya a ƙauye, da waya mai araha, shi zai zauna yana kallon farin allo. Tun da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 bisa 100 a Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara tsanani.

An riga an nuna abin yana yiwuwa. Gidan rediyon NPR da na talabijin na CNN a Amurka duk suna da shafuka na rubutu tsantsa, ba hoto ba bidiyo, kuma an ga amfaninsu ƙwarai a lokutan guguwa, sa'ad da hanyoyin sadarwa suka raunana. Abin lura a nan shi ne halin da Ba'amurke ya ke shiga ran guguwa, shi ne halin da mai karatu da yawa a ƙasar Hausa ya ke ciki kowace rana. Abin da su suka ajiye domin ranar tsanani, shi ya cancanci ya zama shafin yau da kullum ga jaridar gari.

Zancen ƙugiya

Amma inda sauƙin ƙarya ya fi yin ɓarna shi ne wajen baƙaƙen nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Ba da wasa aka same su ba. A zamanin Hanns Vischer, wanda ya fitar da ƙa'idodin rubutun Hausa a 1912, da zamanin ƙamus na Bargery na 1934, ana nuna waɗannan sautuka da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko da waƙafi a gabansa. A cikin shekarun 1930 aka tsai da shawara bisa ƙugiya, littattafan makaranta da aka buga a Zariya daga baya kuma da ita suka fito. A lokacin kuwa kowane harafi ƙarfe ne da sai an zuba shi. Mutanen da ke aiki da dalma sun ɗauki wannan ɗawainiya, sai ga shi masu aiki da na'urar da ke iya zana kowane harafi na duniya suna cewa ƙugiya wahala ce.

Masu kare zubar da ita su kan ce Bahaushe yana gane ma'ana daga jimla. Gaskiya ne, gwanin karatu yana ganewa, kamar yadda ya ke gane tsawon wasali da karin sauti waɗanda ba a rubuta su. To, amma wannan hujja ce a kansu. Rubutun boko ya riga ya bar wa mai karatu aikin cike abu biyu da kansa, ba daidai ba ne a ƙara masa na uku. Kuma wurin da ƙugiya ta fi zama dole shi ne kan labari, inda kalmomi ba su fi biyar ko shida ba, babu jimlar gaba ko ta baya da za ta taimaka. In aka rubuta cewa ƙungiyoyi biyu sun kara, gwabzawa suka yi. In sun ƙara, wani abu suka daɗa. Fada gidan sarki ce, faɗa rikici ne. Baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, duk haka. A waya kuwa, mutane da yawa kan labarin kaɗai su ke gani, su tura wa wani ba su buɗe ba. Ɗalibin da ya ke koyon karatu, da wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce, su ne su ke fara tuntuɓe. Malaman kwalejin horon malamai sun fi kowa sanin yadda a ke fama da ɗalibai a jarrabawa saboda sun saba ganin rubutu ba ƙugiya a wayoyinsu.

Yana da kyau a san dalilin da ya sa ƙugiya ta ke ɓacewa ko da marubucin ya sa ta, domin laifin ba kullum na edita ba ne. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, baƙaƙen Hausa ba a unguwa ɗaya su ke ba. Ƙaramin ƙ, da manyan Ƙ da Ɓ da Ɗ, suna cikin rukunin ƙarin haruffan Latin. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna cikin rukunin alamomin ilmin furuci. Saboda haka a kan sami zubin haruffa mai kyau wanda ya ke da ƙ amma ba shi da ɗ. Har wa yau, masu neman rage nauyin shafi su kan yanke rukunan haruffan da su ke zaton ba a bukata, rukunin furuci kuwa shi ne na farkon tafiya. In haka ta faru, waya ta kan ari harafin daga wani zubi dabam, sai a ga ɗ ta fito siririya ko karkatacciya a tsakiyar kalma mai kauri, kamar haƙorin makka a bakin yaro. In ba ta sami na aro ba, sai ta sa ɗan akwati fanko. Edita ya ga munin abin, sai ya yanke hukunci a daina sa ƙugiya. Ga misalin yadda sauƙi ɗaya ya ke haifar da ɓarna: an rage 'yan kilobait, an rasa baƙaƙe uku. Maganin kuwa ba ya cin ko kwabo. Akwai zubin haruffa na kyauta da aka yi su domin harsuna irin Hausa, kamar Charis da Andika da Gentium na ƙungiyar SIL, da Noto na kamfanin Google. Andika ma domin masu koyon karatu aka zana shi. Abin da a ke bukata kawai shi ne kafin a zaɓi zubi a gwada shi da baƙaƙen nan shida, manya da ƙanana, a tsaye da a karkace, da siriri da kauri.

Akwai wuri guda da mai zubar da ƙugiya ya ke da uzuri na gaske, kuma adalci ne a faɗe shi. Gajeren saƙon waya na SMS yana ɗaukar haruffa 160 in duk na tsarin GSM ne, amma da zarar harafi ɗaya mai ƙugiya ya shiga, sai saƙon ya koma wani tsari wanda ba ya ɗaukar fiye da 70. Jaridar da ta ke aika kanun labarai ta wannan hanya za ta biya ninki biyu ko fiye. Wannan uzuri bai shafi shafin intanet ko manhaja ko WhatsApp ba.

Biyu daga 'yan'uwan wannan matsala sun isa a ambata a gurguje. Ta ɗaya ita ce waƙafin 'y, kamar a 'ya'ya da 'yan kasuwa. Na'urorin da ke gyara alamun zance da kansu su kan ɗauke shi a matsayin buɗe zance, su juya shi baibai. A Jamhuriyar Nijar, inda a ke rubuta ƴ da ƙugiya, an huta da wannan, ko da ya ke an ƙara harafi na huɗu da za a nema a zubi. Ta biyu ita ce bincike. Harafin é na Faransanci yana rabuwa gida biyu a Unicode, e da alamarsa, shi ya sa na'ura ta ke iya daidaita shi da e cikin sauƙi. Harafin ƙ ba ya rabuwa haka. In ba a koya wa akwatin binciken jarida da gangan ba, wanda ya rubuta kasa ba zai sami labarin da aka rubuta ƙasa ba. Daidai shi ne a tsananta wajen bugawa, a sassauta wajen nema: jarida ta rubuta da ƙugiya, amma ta karɓi tambayar mai karatu ko da ita ko babu.

Abin da aka ɓoye

Wata hanyar samun shafi mai tsabta ita ce a kwashe kome a tura bayan alama. Mafi shahara ita ce 'yan sanduna uku a jere a kusurwar allo, wadda Norm Cox ya zana wa kwamfutar Xerox Star ta 1981. Wanda ya saba ya san in ya taɓa ta jerin sassan jarida zai fito. Wanda bai saba ba, sanduna uku ya gani. Ɗakin da aka share aka tura sharar ƙarƙashin gado ke nan. Jaridar gari da ba ta da sassa fiye da huɗu ko biyar ba ta da dalilin ɓoye su. A rubuta sunayensu a fili da kalmomi. Sai dai kalmomin su zama Hausa ta gaske. A kan ga an rubuta Gida a inda a ke nufin shafin farko, domin haka Turanci ya ce, alhali ba Bahaushen da ya taɓa kiran bangon jarida gida. Wannan aiki ne da ya dace sassan Hausa na jami'o'i su sa hannu a ciki, gama kalmomin da a ke bukata ba su kai 30 ba, kuma kowace jarida tana ta ƙirƙiro nata dabam.

Haka kuma a kan ɗauki rubutu mai ruwan toka bisa fari a matsayin alamar wayewa. Ƙa'idodin da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Wannan mafi ƙaranci ke nan, kuma ga mai karatu a tsakar rana a bakin kasuwa, da allon da ya rage wa haske domin cajin ya kai shi dare, baƙi sosai bisa fari shi ne lafiya.

Babban abin da bai kamata a ɓoye ba shi ne kwanan wata. Yawancin masu karatu ba ta shafin farko su ke shigowa ba. Wani ne ya turo musu mahaɗin labari guda, suka faɗo tsakiyar jarida. Saboda haka kowane labari shi ne ƙofar gida, dole ya ɗauki sunan jaridar, da sunan marubuci, da rana da wata da shekara, a sama inda ido zai fara sauka. Masu son tsabta su kan mai da kwanan wata ɗan mitsitsi, ko su cire shekara. Sakamakon haka, labarin rikicin da ya wuce da shekara biyar ya kan sake zagayawa kamar na jiya, a garin da irin wannan kuskure yana iya jawo asarar rai. Jaridar The Guardian ta Ingila ta ga wannan haɗari, a 2019 ta fara buga shekara ɓaro-ɓaro bisa hoton tsofaffin labaranta in an tura su a dandalin sada zumunta. Ƙarin kaya ne a shafi, ba shakka, amma irin ƙarin da ke rage wa mai karatu wahala.

Wasiƙar labarai da manhaja

Game da wasiƙar labarai da a ke aikawa ta imel, maganar ba ta da tsawo. Gmail yana datse duk wasiƙar da ta wuce kilobait 102, ya ɓoye ƙarshenta, kuma ba ya karɓar zubin haruffan da mai aikawa ya zaɓo daga waje. Watau na'urar da kanta ta hana ƙawa. Layi guda daga sama zuwa ƙasa, labari biyar ko shida, kowane da jimla biyu da mahaɗinsa, shi ke nan. Kuskuren da ya fi yawa a mujallun makarantu da na ƙungiyoyin gari shi ne a tsara wasiƙar kamar za a buga ta a takarda, a mai da ita PDF ko hoto, a tura. Ga wanda ya shirya, ya huta, aiki ɗaya ya yi. Mai karatu kuwa sai ya yi ta buɗa yatsu yana jan shafi dama da hagu kafin ya gama sadara guda. Rubutun da ke cikin hoto kuma ba a iya nemansa, ba a iya kwafarsa, na'urar da ke karanta wa makaho ba ta ganinsa sai an yi mata wata dabara. Tun 2010 Ethan Marcotte ya bayyana hanyar da shafi guda zai riƙa daidaita kansa da faɗin kowane allo, har ta zama abin da kowane mai koyo ya ke farawa da shi.

Manhaja kuwa, ga yawancin jaridun gari, alfahari ce. Tana bukatar a yi ta sau biyu, ɗaya domin Android ɗaya domin iPhone, a riƙa sabunta ta kullum, mai karatu kuma ya ba ta wuri a wayar da hotuna da saƙonnin murya suka riga suka cika. In wuri ya ƙare, ita ce ta farkon gogewa. Abu biyu ne kaɗai za su iya halatta ta: ajiye labarai domin a karanta inda babu sabis, da sauraren labari da murya, wanda ya dace da jama'ar da ta shaƙu da rediyo tun BBC ta fara shirin Hausa a 1957. Dukansu biyu kuwa ana iya yinsu a shafin intanet.

Akwai kuma zancen ajiya, wanda ya fi shafar masu bincike. Kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo na shekarun 1940 suna nan a ɗakunan ajiye takardun tarihi, mai nazari yana iya zuwa ya buɗa. Labarin da aka zuba cikin manhaja kaɗai, ko cikin rumbun wani kamfani, yana tafiya ran da aka rufe rumbun. Facebook ya buɗe tsarinsa na Instant Articles a 2015, jaridu da yawa suka gyara shafukansu domin su dace da shi, a watan Afrilu na 2023 ya rufe shi. Jaridun da suka riƙe nasu shafin, kowane labari da adireshinsa wanda ba ya sakewa, ba su rasa kome ba sai wahalar da suka sha. Shafin intanet na farko da Tim Berners-Lee ya yi a cibiyar CERN, wanda rubutu ne tsantsa da mahaɗai, an mai da shi adireshinsa na asali a 2013, kuma yana buɗewa a wayar da ta fi kowace araha a kasuwar Farm Centre ta Kano.